Tambaya Ashirin, Rantsuwa Ɗaya

Charles Roach ya shiga Kanada a 1955, saurayi ɗan tsibirin Trinidad mai neman ilimi. A can ya karanta aikin lauya, ya buɗe ofishi a Toronto, ya yi shekaru yana tsaya wa baƙar fata da masu neman mafaka a gaban alƙalai, kuma yana cikin waɗanda suka assasa bikin Caribana a 1967. Ya rasu a watan Oktoba na 2012, bayan shekara 57 a ƙasar, ba tare da ya zama ɗan Kanada ba. Jarrabawar zama ɗan ƙasa ba za ta gagari mutum irinsa ba, don dokokin da ake tambaya a kansu su ne abincinsa na kullum. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro jimla ɗaya ce, wato rantsuwar biyayya ga Sarauniya Elizabeth da magadanta. Shi jinin bayi ne da aka kwaso daga Afirka, kuma ya ce harshensa ba zai iya yi wa gidan sarautar da aka yi fataucin kakanninsa a ƙarƙashin tutarsa mubaya'a ba. Ya kai ƙara, ya sha kaye, ya sake komawa, har ajali ya riske shi shari'ar tana gaban kotu.

A 'yan shekarun nan sama da mutum 300,000 ne ke furta wannan rantsuwa duk shekara, kuma 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi yawa a layin. Akasarinsu ba rantsuwar ce ke hana su barci ba, jarrabawar ce. Sharuɗɗan a bayyane suke: mai nema ya kasance yana da izinin zama na dindindin, ya yi kwana 1,095 a cikin ƙasar a shekara biyar da suka gabaci neman, ya cika takardun harajinsa, kuma in shekarunsa na tsakanin 18 da 54 ne ya nuna yana jin Turanci ko Faransanci, sannan ya zauna jarrabawa. Tambaya 20 ce, ana son ya ci 15. Ana ciro su daga wani ɗan littafi na gwamnati mai suna Discover Canada, wanda aka fara fitarwa a 2009. Waɗanne larduna huɗu ne suka haɗu ranar 1 ga Yuli, 1867? Ontario, Kebek, Nova Scotia da New Brunswick. Wane ne firaministan farko? John A. Macdonald. Majalisar ƙasa kashi nawa ce? Uku: Sarki, Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai. Larduna 10, yankuna 3, ƙaraminsu a shekaru Nunavut, da aka kafa a 1999. Direban tasi yakan haddace su yana jiran fasinja, ma'aikaciyar jinya takan maimaita su a cikin bas.

Tambayar da ta fi waɗannan ashirin nauyi ba ta cikin takardar jarrabawar. Me ya sa ƙasa za ta ce sai baƙo ya san tarihinta kafin ya rantse mata? Ɗan da aka haifa a asibitin Winnipeg ɗan ƙasa ne tun kukansa na farko. Ba wanda ya tambaye shi sunan Macdonald, ba wanda ya ce ya ɗaga hannu. Wasu na ganin wannan rashin adalci ne, a ɗora wa mai zuwa abin da ba a ɗora wa ɗan gida ba.

Ƙorafin yana da ƙarfi, amma ya manta cewa shiga iri biyu ce. Ɗan gida ba ya neman iso a gidan ubansa. Wanda ya zo neman aure a gidan kuwa sai ya san dangi, sai an san shi, sai an ɗaura a gaban shaidu, a yi ijabi a yi ƙabuli. Na farko gado ya tarar, na biyu ƙulla alƙawari ya yi. Kuma malaman fiƙihu sun daɗe da faɗin cewa ƙulli ba ya inganta a kan abin da ba a sani ba: ba a sayar da kifi yana cikin ruwa, ba a cinikin ɗan da ke cikin uwar dabba, saboda wanda bai san abin da ya karɓa ba yardarsa ba ta cika ba. In aka dubi jarrabawar ta wannan fuska, sai a ga hidimar rantsuwar take yi. Aikinta shi ne ta sa mai ɗaga hannu ya san abin da bakinsa ke ɗaura masa. Wanda ya haddace amsoshi don ya tsallake kawai, ya zo ya furta kalmomin da bai auna ba, ya cika sharaɗin hukuma, amma da saura tsakaninsa da kansa.

To me ke cikin rantsuwar? Gajera ce, ba ta kai minti ɗaya a baki ba, kuma duk wanda ya kai shekara 14 sai ya furta ta. Abu uku ta ƙunsa: biyayya ga Sarki Charles na Uku a matsayinsa na Sarkin Kanada, shi da magadansa, kiyaye dokokin ƙasa, har da kundin tsarin mulki, wanda ya amince da haƙƙoƙin 'yan asalin ƙasar da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da su, sai cika nauyin da ke kan ɗan ƙasa. Babu sunan Allah a ciki. Wanda ya so ya zo da littafin addininsa ya riƙe, wanda kuma addininsa ko zuciyarsa ba ta yarda da rantsuwa ba, an ba shi damar ya ce ya tabbatar da alƙawarin, ba sai ya ce ya rantse ba. Ga Musulmin da ya san ba a rantsuwa sai da Allah, wannan ƙofa ce mai faɗi.

Wannan sassauci ba daga sama ya faɗo ba. Duk wanda ya bi tarihin Kanada a hankali zai ga rigimar rantsuwa tana ratsa shi tun daga tushe, kuma darasin da tsada aka koye shi.

Mutanen Acadia, manoma masu jin Faransanci 'yan ɗarikar Katolika, sun faɗa ƙarƙashin Ingila a 1713. Shekara arba'in suna cewa za su yi biyayya, amma da sharaɗi guda: kada a sa su ɗaukar makami a kan Faransawa ko a kan maƙwabtansu 'yan ƙabilar Mi'kmaq. A 1755 Charles Lawrence, mai riƙe da mulkin Nova Scotia, ya ce ko rantsuwa babu sharaɗi, ko ƙaura. Aka ƙona gidaje, aka loda mutane a jiragen ruwa, aka watsa kimanin 10,000 a gaɓar Amurka da Ingila da Faransa. Dubbai suka mutu da cuta da nutsewa. Wasu daga baya suka taru a Louisiana, inda ake kiran jikokinsu Cajun har yau. Ba a cika shekara ashirin da wannan ba, Ingila ta tsinci kanta tana mulkin Kebek, ƙasar da kusan kowa Katolika ne, alhali rantsuwar riƙe muƙami ta Ingila tana buƙatar mutum ya ƙaryata wasu rukunan aƙidar Katolika. A wannan karon sai aka bi wata hanya. Dokar Kebek ta 1774 ta kawo rantsuwar da babu zancen aƙida a cikinta, fiye da shekara hamsin kafin Katolikan Ingila kansu su samu irin wannan dama a 1829. Ba tausayi kaɗai ya kawo haka ba, akwai tsoron tawayen da ke tasowa a yankunan Amurka. Duk da haka, da Amurkawa suka kawo hari a 1775, mutanen Kebek ba su tashi sun mara musu baya kamar yadda suka yi fata ba.

Sai batun Ezekiel Hart, ɗan kasuwa Bayahude da mutanen Trois-Rivières suka zaɓa ɗan majalisa a 1807. Ya yi rantsuwarsa bisa al'adar addininsa, a kan littafin Yahudawa, kansa a rufe. Majalisa ta ce ba ta karɓa ba, ta kore shi. Jama'arsa suka sake zaɓarsa, aka sake korarsa. Sai a 1832 wannan majalisa ta yi dokar da ta ba Yahudawa cikakken 'yancin siyasa. Haka kuma 'yan Doukhobor, wasu Kiristoci daga Rasha da ba su yarda da yaƙi ko rantse wa wani sarki ba. Kimanin 7,500 suka iso a 1899 da taimakon marubuci Leo Tolstoy, suka sare daji suka noma ƙasar Saskatchewan. Da hukuma ta matsa cewa mallakar gona sai da rantsuwar biyayya, da yawansu suka ƙi, a 1907 aka ƙwace musu filaye masu yawa, suka tattara suka nufi British Columbia.

Abin lura a duk waɗannan labarai shi ne, waɗanda suka ƙi rantsuwar ba mayaudara ba ne. Mayaudari ba ya gardama a kan rantsuwa, yakan ɗaga hannu ya faɗi duk abin da aka ce ya faɗa, ya wuce. Mai tsayawa ya ce wannan kalmar ba za ta fita daga bakina ba, shi ne wanda ya ɗauki magana zarar bunu, ya san in ta fita ba ta komawa. Sau da yawa rantsuwar dole ta tace wa ƙasar mutanen da suka fi kowa riƙon alƙawari, ta bar mata waɗanda kalma ba ta dame su ba.

Bayan rasuwar Roach, mutum uku suka ci gaba da shari'arsa: Michael McAteer, tsohon ɗan jarida haifaffen Ireland da bai yarda da mulkin gado ba, Simone Topey, 'yar Jamaika mabiyar Rastafari, wadda aƙidarta ta hana ta yi wa Sarauniya mubaya'a, da Dror Bar-Natan, farfesan lissafi daga Isra'ila. A 2014 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ontario ta yanke cewa rantsuwar tana nan, amma ta fassara ta. Ta ce ba a rantse wa Elizabeth a matsayinta na mace ɗaya da ke zaune a Landan. Ana rantse wa tsarin mulkin da sarautar ke wakilta ne, wato mulkin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin doka, kuma wannan tsarin da kansa ya ba ɗan ƙasa 'yancin neman a soke sarautar ta hanyar lumana. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a farkon 2015. A ƙarshen wannan shekarar Bar-Natan ya je ya yi rantsuwar, ya karɓi takardarsa, nan take ya miƙa wa alƙalin rantsarwa wasiƙar janye mubaya'arsa ga Sarauniya. Ba wanda ya ƙwace masa takardar.

Mai karatu zai iya cewa wannan dabarar lauyoyi ce, a faɗi abu a ce ba shi ake nufi ba. Amma ga wanda ya tashi a zauren karatu, hukuncin yana da wata ma'ana ta musamman. Akwai ƙa'ida sananniya a babin rantsuwa, mai tushe a hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa rantsuwa tana bin niyyar wanda ya nemi a rantse masa. Ba a yarda mutum ya furta magana a gaban mai haƙƙi, a zuciyarsa kuma ya ƙudurta wata ma'ana ta daban don ya kuɓuta ba. Wannan ƙa'ida takobi ce mai kaifi biyu. Ta rufe wa mai neman takarda ƙofar cewa ai da baki kawai na faɗa, zuciyata ba ta ciki. Ta kuma sauƙaƙa masa, don mai neman rantsuwar, wato ƙasar Kanada, ya bayyana niyyarsa ta bakin kotunsa: ba bauta ake nema ba, ba a nemi ka ɗauki sarki ma'asumi ba, ba a ma nemi ka so shi ba. Ana neman ka zauna a ƙarƙashin dokar da ta hau kan kowa, ka nemi gyara ta hanyar da doka ta shimfiɗa. A nan ne ilimin jarrabawar yake aiki. Wanda ya san cewa Sarki yana sarauta ne amma ba ya mulki, cewa Gwamna Janar ke wakiltarsa, cewa gwamnati tana faɗuwa ne in Majalisar Wakilai ta janye mata amincewa, shi ne zai gane abin da ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan tambaya ba ce, kuma da wannan gidan sarautar ma aka yi ta. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Ragowar mutanensa suka isa Sudan, suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Waziri Buhari ya zaɓi zama, ya kuma rubuta wa malamai risala yana bayyana hujjarsa ta yin sulhu don kare addinin jama'a da rayukansu. Sarakunan da Turawa suka naɗa sukan rantse da Alƙur'ani cewa za su yi wa Sarkin Ingila biyayya, da sharaɗin ba za a sa su abin da ya saɓa wa addininsu ba. A Tunisiya kuma, a farkon shekarun 1930, rikici ya kai ga hana binne waɗanda suka karɓi takardar zama 'yan Faransa a maƙabartar Musulmi. Waɗannan abubuwa suna nan a ƙasan zuciyar dattijon da ya ji ɗansa zai rantse wa Sarkin Ingila a Calgary, ya ce, "Kai kuwa ka yi shawara da malamai?"

Sai dai akwai bambanci babba. A 1903 bindiga ce ta zo har ƙofar gida. Wanda ya cika takardu, ya biya kuɗin jirgi, ya sauka a Toronto da ƙafarsa, ba a ci shi da yaƙi ba. Amana ya nema aka ba shi. Misalinsa ya fi kusa da sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, suka zauna a ƙarƙashin Najjashi, sarki Kirista da aka shaide shi da adalci, suka riƙe addininsu, suka kiyaye zaman lafiyar mai masaukinsu. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alƙawura, kuma malamai ba su keɓe ta ga alƙawarin da aka yi wa Musulmi kaɗai ba. Shi ya sa abin da ya kamata ya tsorata mai addini a ranar rantsuwa ba sunan Charles ba ne. Rabin jimlar na biyu ne, wanda ya shafi doka da nauyi: ya biya haraji ba tare da ɓoye kuɗin shiga ba, ya amsa kiran kotu in an zaɓe shi cikin masu taya alƙali yanke hukunci, kada ya karɓi tallafin da bai cancanta ba. Mutum zai iya tsantseni a kan kalmar mubaya'a ya kuma yi sakaci da waɗannan, alhali su ne naman alƙawarin.

Ita ma ƙasar akwai nata rabon alƙawarin, kuma an gwada ta ba da daɗewa ba. A watan Disamba na 2011 ministan shige da fice, Jason Kenney, ya ba da umarnin cewa ba mai yin rantsuwa fuska a rufe. Zunera Ishaq, 'yar Pakistan da ta zo Ontario a 2008, ta ci jarrabawarta, ta kuma yarda ta buɗe fuskarta a keɓe don a tabbatar ita ce. Abin da ta ƙi shi ne cire niƙabi a gaban taro. A Fabrairun 2015 Kotun Tarayya ta ba ta gaskiya, kuma hujjar da ta kafa mai ban sha'awa ce: ƙa'idojin zama ɗan ƙasa da kansu sun umarci alƙalin rantsarwa ya ba mutane iyakar 'yancin da zai yiwu wajen yin rantsuwar bisa addininsu, don haka umarnin minista ya ci karo da dokar da yake aiki a ƙarƙashinta. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ta sake faɗuwa a Satumba. Maganar ta mamaye yaƙin neman zaɓen shekarar, ra'ayin jama'a da yawa ba ya tare da ita. Ranar 9 ga Oktoba, 2015, ta yi rantsuwa da niƙabinta, kwana goma kafin zaɓen da ta ce tana son jefa ƙuri'a a cikinsa.

Matar da ba ta da takardar ɗan ƙasa ta kai minista kotu ta yi nasara. Ba don ta fi shi ƙarfi ba, don ta san haƙƙinta ne, ta kuma san ƙofar da ake bi. Kundin Haƙƙoƙi da 'Yanci, wanda ya fara aiki ranar 17 ga Afrilu, 1982, ya buɗe ne da ambaton ɗaukakar Allah da fifikon doka, sannan ya sa 'yancin lamiri da addini a sahun farko na 'yancin da ya lissafa. Da shi aka soke dokar tilasta hutun Lahadi a 1985, da shi ɗalibi ɗan Sikh ya samu izinin zuwa makaranta da 'yar wuƙarsa ta addini a 2006.

Amma wanda ya san rabin labari kawai zai sha mamaki. A cikin wannan kundi akwai sashe na 33, wanda ya ba majalisar ƙasa ko ta lardi ikon zartar da doka ko da ta ci karo da wasu daga cikin haƙƙoƙin nan, na tsawon shekara biyar da za a iya sabuntawa. Da shi Kebek ta kare dokarta ta 2019 da ta hana sababbin malaman makarantun gwamnati, 'yan sanda, da wasu ma'aikata sa alamar addini a bakin aiki. A Disambar 2021 an cire wata malama daga ajinta a garin Chelsea saboda hijabinta. Matar da ta bar Kaduna ko Maraɗi da shaidar koyarwa tana da haƙƙin sanin wannan kafin ta zaɓi lardin da za ta sauka. Kuma a wannan Kebek ɗin ne, a Disambar 2022, majalisar lardi ta sauke wa 'yan majalisarta wajibcin rantse wa Sarki, bayan wasunsu sun ƙi. Zaɓaɓɓen ɗan majalisa a can ya huta da abin da ya hana Roach takarda, baƙo mai shigowa kuwa har yanzu sai ya furta.

Saura sashen rantsuwar da ya fi sabunta, wanda kuma ya fi zurfi. Maganar 'yan asalin ƙasa ba ta cikinta sai a watan Yuni na 2021. Ta shigo ne ta hanyar Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda ta binciki makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka gudanar fiye da shekara ɗari, inda aka raba yara kimanin 150,000 da iyayensu, aka hana su harshensu, aka ci zarafin da yawa, dubbai suka mutu ba su koma gida ba. Na ƙarshensu bai rufe ba sai a shekarun 1990. A 2015 hukumar ta fitar da buƙatu 94. Ta 93 ta nemi a gyara littafin jarrabawa da tambayoyinsa don su faɗi wannan tarihi yadda yake, ta 94 kuma, wadda ita ce ta ƙarshe, ta nemi a sa yarjejeniyoyin a cikin rantsuwar sababbin 'yan ƙasa. Wato mutanen da suka fi kowa daɗewa a ƙasar sun rufe jerin buƙatunsu da saƙo zuwa ga waɗanda suka fi kowa sabunta.

A nan mai hankali zai tambaya: mene ne ruwan Bahaushe ko Basiriye da laifin da aka yi kafin a haifi kakansa, a nahiyar da bai taɓa takawa ba? Ba shi ya ƙwace ƙasar kowa ba. Shi kansa jikan waɗanda aka yi wa mulkin mallaka ne.

Laifi ba ya gado, wannan gaskiya ne a addini da hankali. Babu mai ɗaukar zunubin wani. Amma bashi yana bin dukiya. Duk wanda ya taɓa zaman rabon gado ya san ba a taɓa ko kwabo sai an fitar da bashin mamaci, kuma magajin da ya ce shi bai ci bashin ba, don haka a ba shi kasonsa cif, ba mai saurarensa. Asibitin da sabon ɗan ƙasa zai je ba tare da an nemi kuɗi a hannunsa ba, makarantar 'ya'yansa, gidan da zai saya a Edmonton ko Regina, duk a kan ƙasar da aka samu ta hanyar yarjejeniya suke. Tsakanin 1871 da 1921 an ƙulla yarjejeniyoyi 11 masu lamba, da suka buɗe wa baƙi yammaci da arewacin ƙasar, a madadin keɓaɓɓun filaye, makarantu, 'yancin farauta da kamun kifi, da kuɗin shekara-shekara. Ta shida, ta 1876, har da alƙawarin akwatin magani. Sashe na 35 na dokar tsarin mulki ta 1982 ya tabbatar da cewa waɗannan haƙƙoƙi suna raye. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Nan ne kuma farkon rantsuwar da ƙarshenta suke haɗuwa, ta hanyar da da wuya baƙo ya hango in bai karanta ba. Shugabannin Cree da Anishinaabe da sauransu ba da wata jam'iyya ko wani firaminista suka ƙulla ba. Da gadon sarauta suka ƙulla, da sunan Sarauniya Victoria da magadanta, tun da sanarwar Sarki George na Uku ta 1763 ta ce ba mai karɓar ƙasarsu sai ta hannun sarauta. Gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, wanda ya sa hannu yana nan. Shi ya sa da yawa daga 'yan asalin ƙasar ba sa gaggawar ganin an kawar da sarautar, duk da abin da aka yi musu da sunanta: ita ce mai bashin da za su iya nunawa da yatsa. Sunan da Roach ya ji ɗacinsa a matsayin tambarin bauta, shi ne kuma igiyar da wasu waɗanda aka zalunta suke riƙe da ita don neman haƙƙinsu. Dukansu biyu gaskiya suka gani, kuma ba lallai ne ɗaya ta shafe ɗaya ba.

Wanda ke zaton maganar yarjejeniya ado ce kawai a bikin rantsarwa, ya dubi abin da ya faru a arewacin Ontario. A 1850 al'ummomin Anishinaabe na gaɓar tafkunan Huron da Superior suka ƙulla yarjejeniya biyu da wakilin sarauta, William Robinson. An yi musu alƙawarin kuɗin shekara da zai riƙa ƙaruwa in arzikin ƙasar ya ƙaru. A 1875 aka kai shi dala 4 ga kowane mutum. Daga nan aka yi shiru. Aka haƙo tagulla da zinariya da nikel na biliyoyin daloli, aka sare katako, garin Sudbury ya bunƙasa, kuɗin shekara yana nan dala 4 har kusan shekara 150. A 2023 gwamnatin tarayya da ta Ontario suka amince su biya al'ummomi 21 na ɓangaren Huron dala biliyan 10, kowace ta ba da rabi. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli, bakin alƙalanta ɗaya, ta yanke cewa sarauta ta saɓa alƙawarinta ta hanyar da ta zubar da mutuncinta, ta ba ta wata shida ta daidaita da mutanen ɓangaren Superior.

Kuɗin daga baitulmalin da kowa ke zuba haraji a ciki za su fito, har da direban tasin nan da ma'aikaciyar jinyar da suka haddace amsoshi a cikin bas. Alƙalin da ya rubuta hukuncin, Mahmud Jamal, a Nairobi aka haife shi a 1967. Iyayensa sun yi zango a Ingila, suka iso Edmonton da shi a 1981 yana ɗan sakandare.